Agashen Baba Cindo

Shagon ɗinkin da nake aiki a ciki yana bakin titin da ya bi ta gaban makarantar firamare, a unguwarmu ta Hausawa a Gadarif. A tsallaken titin akwai wata rakuba, wato rumfa ta kara, a ƙarƙashinta tukuba. Nan Baba Cindo yake gasa agashe tun shekarar da yaƙi ya koro shi daga Hartum. Idan la'asar ta yi, ɗinki ya yi sauƙi, nakan tsallaka in zauna kusa da shi. Mutum ne da ba ya kallonka idan yana magana, wuta yake kallo. Abin da zan faɗa a nan daga bakinsa na ji yawancinsa, saura daga bakin ƙanwarsa Hanatu, wani kuma a gabana ya faru.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Gedambaliya, da yatsa shida a hannun hagu, shi ya sa sunan ya bi shi. Sunansa na yanka Abdulganiyyu, amma ya ce ba mai kiransa da shi sai mahaifiyarsa, ita ma sai in ranta ya ɓaci. Kakansa ya taso daga yamma a ƙasa zai tafi Makka, ya tsaya yankan dawa don ya tara guzuri, daga nan bai ƙara gaba ba. Cindo ya tashi cikin aikin gonakin manya, shi da sa'anninsa. Da damina a yi noma, da kaka a shiga riɗi, a yanka, a ɗaure, a jingina dammuna a tsaye kafin ya bushe ya fashe ya zube a ƙasa. Ya ce riɗi ba ya jiran wanda ya yi ciwon baya.

Shekarar da aka yi babban fari, ruwa ya ƙi, masu gonaki suka sallami ma'aikata. Cindo yana saurayi, ya hau bayan lori, ya ce wa mahaifiyarsa zai dawo bayan damina mai zuwa. Ya sauka a Bahri, ɓangaren Hartum da ke tsallaken kogi. Can ya haɗu da wani tsoho mutumin Maiwurno mai gasa agashe kusa da wata tashar motocin haya, ya zauna a ƙarƙashinsa. Ya koyi fere nama ya yi fale-fale, ya koyi soke shi a tsinke, a baɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji, a kafa tsinkaye a kewaye da garwashi, ba a bisa shi ba, don zafi ya gasa naman, hayaƙi bai ɓata shi ba. Da tsohon ya rasu, wurin ya zama nasa. Ya auri Jidda, suka haifi 'ya ɗaya, Amira, wadda ta yi aure ta bi mijinta Saudiyya. Jidda ta rasu shekaru kafin yaƙi. Shi kuma ya ci gaba da hura wutarsa a kwanar nan, har gemunsa ya yi fari.

Duk tsawon zamansa a Bahri, ba ranar da bai ambaci Gadarif ba. Yana juya tsinke yana ba masu saye labarin ƙamshin baƙar ƙasa idan ruwan farko ya sauka, da yadda laka ke cire wa mutum takalmi, da itacen aduwar da ke ƙofar gidansu. Gyaɗar da yake yin ƙuli-ƙuli da ita ma sai ta Gadarif, wani direban lori ne ke kawo masa. Masu saye, da ke ce masa Ammi, wato baffa da Larabci, sukan tsokane shi.

"Ammi Cindo, yaushe za ka koma?"

"Bayan damina, in sha Allahu."

Har abin ya zama wasa a unguwar. Wanda aka ba aron abu aka tambaye shi yaushe zai mayar, sai ya ce bayan damina. Shi kuwa da gaske yake faɗa. Ya zo gida 'yan lokuta, yawanci ta'aziyya, ya yi kwanaki kaɗan a gidan Hanatu a cikin gari, inda mahaifiyarsu ta ƙarasa rayuwarta, ya juya. Bai taɓa leƙa ƙauyen ba, yana cewa ba a yi wa gida leƙen baƙo, sai ranar da ya dawo gaba ɗaya. Agashen Gadarif ma bai taɓa saya ba. Mai agashe ba ya sayen na wani, kuma ba a zaman makoki ake cin agashe ba.

Abin da bai lura da shi ba, hannunsa yana sauyawa a hankali. Yau wani ya ce barkono ya yi yawa, sai ya ɗan rage. Gobe wata ta ce yaranta ba sa iya ci, ya ƙara ragewa. Wata shekara kimba ta yi wuya a kasuwa, ya yi babu ita, ba wanda ya tambaya, bai sake nema ba. Mutanen Bahri suna son lemon tsami da mai, yana ƙara musu. Kuma kullum idan ya miƙa wa baƙo tsinke yakan ce, "Ci ka ji na asali. Haka ake yinsa a gidanmu." Su ma suka yarda. Mutane sukan tsallako kogi daga Umdurman don su ci agashen Gadarif na asali.

Yaƙi ya tashi cikin azumi. Ya daure har mahauta suka daina yanka, unguwar ta watse. Ya ɗauki wuƙarsa da rariyar yajinsa da 'yan tufafi ya shiga motar gabas. Ya gaya min cewa a cikin motar mata suna kuka, maza sun yi jugum, shi kuwa ya rufe fuska da rawani don kada a ga abin da ke cikinta.

"Allah ya yafe min," in ji shi. "Kowa barin gida yake yi. Ni kaɗai ne mai tafiya gida a motar nan."

Hanatu ta share masa bukka a cikin gidanta, ta sa masa angarib, gadon igiya. Bai yi mako biyu ba ya nemi motar Gedambaliya. Ya tarar ƙauyen ya tashi tuntuni, mutanen sun koma bakin hanya. Inda gidajensu suke a da ya shiga cikin gonar wani attajiri, tarakta ta bi ta kai ta daidaita komai. Ba aduwa, ba rijiya, ba ko kututture. Ya yi ta zagawa yana neman inda zai tsaya ya ce nan ne, bai samu ba. Wani ma'aikaci ɗan Habasha mai gadin gonar ya fito daga bukkarsa ya tambaye shi da gurguwar Larabci wa yake nema. Ya ce ba kowa. Mutumin ya ba shi ruwa a gwangwani, ya sha, ya yi godiya, ya koma bakin hanya ya jira mota. Hanatu ta ce da ya dawo kwanciya ya yi ya juya wa ƙofa baya, abinci ma sai ta tsaya a kansa.

Babbar Sallah ce ta tashe shi. Da aka yanka ragon gidan, ya ce kowa ya matsa, shi zai yi wa mutane agashe. Ya gina tukuba a tsakar gida, ya daka yajinsa da hannunsa, ya fere naman kamar takarda. Maƙwabta suka taru. A cikinsu akwai Ɗanlami, abokinsa na ƙuruciya da suka yi yankan riɗi tare, wanda yanzu yake sayar da igiya da buhuna a kasuwa. Shi aka fara miƙa wa. Ya gutsura, ya tauna, ya tauna, ya ɗaga tsinken ya duba shi gaba da baya.

"Cindo, likita ne ya hana ka barkono?"

"Me ka ji?"

"Ban ji komai ba, ai shi ne abin. Ina kimba? Ina masoro? Ka matse masa lemo kamar salatin Larabawa."

"Haka ake yinsa a gida."

"A gidan wa?"

Mutane suka yi dariya. Hanatu ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai Ɗanlami, haƙora nawa suka rage maka da za ka zauna kana yi wa nama shari'a? Ci ka gode wa Allah."

"Ai don ba haƙoran nake yabonsa, Hanatu. Ko jinjiri ya ci wannan."

Aka ƙara dariya, Baba Cindo ma ya yi. Amma can ya ga Hanatu ta turo ƙaramar tasa da yajinta na gida, ta ajiye a gefen tabarma, kowa ya ɗauki tsinke sai ya dangwala. Ya kawar da kai ya ci gaba da fifita wuta.

Bayan Sallah ya kafa rakubarsa a tsallaken shagonmu, don wurin ba mai shi. 'Yan unguwa suka saya sau ɗaya saboda girmansa, suka koma wurin samarin da ke gasawa a bakin kasuwa. Ni ma na saya. Naman ya gasu, ya yi laushi, ba abin kushewa a aikin, sai dai harshenmu bai san shi ba. Yakan zauna daga la'asar har magariba da tsinkayensa a kafe, ya kwashe rabi ya kai gida.

A lokacin makarantar da ke kusa da mu ba karatu ake yi a ciki ba. Waɗanda suka gudo daga Hartum da Madani aka zuba a azuzuwan, iyali da iyali, an raba tsakani da zannuwa. Wata rana wani mutum dogo mai tabarau ya fito daga ciki riƙe da hannun 'yarsa, ya tsaya ya sayi tsinke ɗaya ya ba ta. Yarinyar ta gutsura, ta tsaya cak, ta ce da Larabci, "Baba, irin na tasha ne." Mutumin ya karɓa ya ɗanɗana. Sai ya dubi hannun da ke juya tsinkaye, ya dubi fuskar.

"Ammi Cindo? Na kwanar tasha?"

Sunansa Osama, yana da kantin magani a Bahri kafin yaƙi, 'yar kuma Raniya. Ba wani sabo ne a tsakaninsu ba, yakan dai tsaya ya saya idan ya taso daga aiki. Amma ranar ya rungume Baba Cindo kamar ya ga mahaifinsa.

Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cikin makarantar da sauran wuraren da aka sauke baƙi. Baba Cindo ya aro benci biyu daga gidan Hanatu. Mutanen Hartum suka riƙa zuwa, wasu su sayi tsinke ɗaya su raba uku, wasu su zauna kawai don ƙamshin. Sai su fara lissafa tituna. Wane ya tuna mai shayin da ke ƙarƙashin gada, wance ta tuna gidan burodin da ke bayan masallaci, a yi ta gardama a kan wace motar haya ce ke bi ta ina. Da farko Baba Cindo saurare yake yi. Daga baya shi ne ke raba gardama, don ba wanda ya kai shi sanin tashar. Ya fara ba su labarin iskar da ke tasowa daga kogi gab da magariba, yadda take kwantar masa da hayaƙi gefe ɗaya kullum, har bangon da ke wajen ya yi baƙi. Ya ce a Gadarif iska ba ta da alƙibla, ta ko'ina take zuwa ta shiga idon mutum.

Wata la'asar da damina ruwa ya tsuge, titin ya zama laka, duk muka cure a ƙarƙashin rakuba, Baba Cindo yana kare garwashi da faifai. Osama ya goge tabaransa ya ce, "Ya ammi, ka san wannan ciwon namu yana da suna a wurin likitoci?"

"Wane ciwo?"

"Wannan da ke zaunar da mu a nan kullum. Nostaljiya suke ce masa."

Ya ce ya karanta tun yana ɗalibi. Fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, samarin wata ƙasa mai duwatsu a Turai, Suwizalan, sukan tafi aikin soja a ƙasashen wasu. Sai a ga saurayi lafiyayye ya daina ci, ya daina barci, ya rame, ba zazzaɓi ba rauni, ba abin da yake magana a kai sai garinsu. Wani ɗalibin likitanci ya ce wannan cuta ce, a ba ta suna. Ya ɗauko kalma biyu daga Girkanci, ɗaya tana nufin komawa gida, ɗaya tana nufin raɗaɗi, ya haɗa su. Osama ya ce yanzu ba a lissafa ta cikin cututtuka, duk wanda ke begen wani wuri ko wani zamani da ya wuce sai a faɗa masa ita.

Baba Cindo ya ce, "Mu kewa muke cewa, ba mu kai ta asibiti ba. To, da ya ba ta suna, ya ba ta magani?"

"Ya bayar. A sallami mutum ya koma gida. An ce wasu tun a hanya suke warkewa."

Baba Cindo ya juya tsinkayensa ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshe.

"A hanya kam ana warkewa," in ji shi. "Na ga wannan. Amma likitan nan ya bi su har gida ya ga yadda suka ƙare?"

Osama ya ce bai sani ba. Da ruwan ya tsagaita, kowa ya kama gabansa.

Haka aka yi ta zama har labari ya zo cewa Hartum ta fara buɗewa. Motoci suka fara ɗaukar masu komawa. Wasu iyalai su tafi yau, wasu jibi, bencin Baba Cindo yana raguwa. Aka ce za a yi wa makarantar fenti a mayar da yara. Osama ya sami labarin cewa kantinsa yana tsaye, ko da yake an kwashe komai har ƙofa, ya ce zai je ya fara daga farko. Ya riƙe hannun Baba Cindo ya ce, "Ka zo mu tafi, ya ammi. Akwai ɗaki a gidana. Mutane suna dawowa unguwa, in suka ga hayaƙinka a kwanar nan za su san an dawo da gaske. A nan wa zai ci naka in mun tafi?"

Baba Cindo ya zare hannunsa ya koma kan wutarsa. Amma washegari ya kawo min farin yadi ya ce in ɗinka masa jallabiya, in gama kafin ranar tafiyar su Osama.

Hanatu ta ji, don a unguwarmu ba a ɓoye yadi. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi. Ta kai masa abinci ta ajiye, ta tsaya a bakin bukka.

"Yaya, in tafiya za ka yi, ka faɗa min da wuri in san garin tuwon da zan riƙa aunawa."

"Wa ya ce miki zan tafi?"

"Ba wanda ya ce. Ni dai ba zan hana ka ba. Amma kada ka ce min bayan damina. Inna ta ji wannan har ta koma ga Allah, kullum hadari ya taso sai ta sa in share ɗaki. Ni ba ni da sauran shekarun jira. In ka tafi, ka ce ka tafi."

Ta ce ranar ko abincin bai taɓa ba.

Ranar tafiyar da safe ya sa sabuwar jallabiyar, ya zo ya ce in raka shi tasha. A hannunsa akwai gwangwanin madara babba, an ɗaure bakinsa da leda. Ban ga jaka ba, na ce ko ya riga ya aika da ita. Tashar ta cika da katifu da tukwane da buhunan dawa da mutane za su tafi da su. Osama ya hango mu ya taso da fara'a, ya ce ya riƙe masa wuri kusa da taga.

Baba Cindo ya miƙa masa gwangwanin.

"Yaji ne. In kun yi yanka, a fere naman da faɗi, kada a ɗora shi a kan wuta, a gefe ake kafawa. Raniya ta ga yadda nake yi."

"Kai fa?"

"Ni na taɓa komawa gida sau ɗaya, Osama. Na ga abin da komawa take yi wa wuri. Ƙauyenmu ya tafi, ko a zuciyata yanzu in na nemi aduwar nan sai in ga gonar mutane. Bahri ce ta rage min yadda na bar ta. In na je na ga kwanar nan, ita ma ta tafi, kuma ba ni da ta uku."

Osama ya fara cewa ai za a gyara, mutane za su gina. Baba Cindo ya ce Allah ya sa, ku da za ku gina ku je ku gina. Ya ce abu biyu yake roƙo. In ya sami hali ya je maƙabarta ya yi wa Jidda addu'a. Sa'an nan kada ya aiko masa da hoton tashar a waya, ko da ta yi kyau. Raniya ta fito da kai ta taga tana kiransa, ya ɗaga mata hannu. Muka tsaya har motar ta fita daga tasha, sa'an nan muka tako zuwa gida a ƙasa, bai yarda mu hau raksha, keke mai ƙafa uku, ba.

Ya yi kwanaki bai hura wuta ba. Da ya tashi hurawa, sai ya ba Hanatu turmi, ya ce ta daka masa yaji irin nata. Ya aika aka kira Ɗanlami. Ɗanlami ya zauna ya gyara hula, ya gutsura, ya ja iska ta baki.

"Yawwa! Ashe kana da hannu, ɗan birni. Shekara da shekaru kana cutar bayin Allah da ruwan lemo."

"Ci ka tashi, kana tsare min masu saye."

"Kai ba za ka ci ba?"

"Cikina ba ya ɗauka."

Da gaske yake. Ya gwada, ya kwana yana shan kanwa.

Yanzu 'yan unguwa suna saye, kasuwarsa ba laifi. Sai dai mu ba ma zama a wurin mai agashe, a ƙunshe mana muke so mu kai gida. Ya mayar wa Hanatu benci ɗaya, ɗayan ni ne yawanci a kai. Yara sun koma makaranta, suna tashi kafin ya hura wuta, don haka da la'asar ƙofar a rufe take. Idan ya kusa tashi, yakan zaro tsinke ɗaya da ya kafa can nesa da sauran, wanda ya baɗe da wani ɗan yaji irin na Bahri da yake ajiyewa a aljihu. Ya matse masa lemo sosai, ya juya ya fuskanci bangon makarantar, ya ci a hankali. Ba ya tayi, ni ma ban taɓa roƙa ba.